Mutum na Arba'in da Tara

Unst, 3 ga Fabrairu

Ƙanwata Inga,

Gaisuwa mai yawa daga ƙarshen duniya. Da fatan kina lafiya, kuma Aberdeen ba ta ƙarasa mayar da ke 'yar birni ba. Mu nan lafiya lau, sai iska. Kwana uku jirgin fito bai motsa ba, kanti ba burodi ba madara, 'yan makarantar da nake wa girki sun ci dankali har sun fara hararata ta tagar kicin, sai ka ce ni na hana jirgin tasowa. Na kira ki ranar Lahadi wayar ta yanke kamar kullum, shi ya sa na koma wa biro.

To, ina labarin lasisin? Jiya Magnie ya tambaye ni wai har yanzu karatu kike yi? Na ce a'a, ta gama digiri na biyu tun tuni, aiki take yi a asibiti. Ya ce to me ya rage? Na ce sai ta zauna da mutum hamsin ta yi musu bayanin ciwon da ke bin jinin gidansu, ta rubuta kowanne a kundi, shugabarta ta sa hannu, a aika wa hukuma kafin ƙarshen Maris. Ya ce, “Shekara tara don a koya mata gaya wa mutane sun ɗauko iyayensu? Ai ni kullum ina gaya wa tumaki haka, ba wanda ya nemi takardata.” Kin dai san mijin yayarki.

Ban manta ba, bara jinyar Mama ce ta sa wa'adin ya wuce ki, alhali ni ya kamata in zo ban zo ba. Kin kuma ce in bana ya sake wucewa asibiti ba za su sabunta miki aiki ba. Don haka ki rubuto ki gaya mini saura nawa.

Ga babban labari: an zaɓi 'yarmu Osla cikin masu ninkaya da za su je gasa a Lerwick ranar 26 ga Maris. Ita kaɗai daga tsibirin nan, kuma ita ce ƙaramarsu, shekara sha huɗu. Kullum ƙarfe shida na safe ni ce a mota da rigar barci ƙarƙashin kwat, ina kai ta wurin ninkaya. Gidan nan duk warin maganin ruwa yake yi. Ta ce in gaya wa Anti Inga in ba ta zo kallo ba, ta nemi wata 'yar.

Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Yayarki,
Rhoda


Aberdeen, 11 ga Fabrairu

Zuwa ga Malama Elspeth Farquhar, Stonehaven,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan aikin da aka yi miki a ƙugu yana kyau, kuma kin fara takawa. Kin ce muddin kina gida in riƙa rubuto miki duk abin da ya shafi kundina, tunda hukuma a rubuce take son ganin kulawar da kike yi da aikina. Wannan kam da na so a ce baki da baki ne. Direban asibiti zai kawo miki wasiƙar nan a rufe, kuma ban sa sunan mara lafiyar ba.

Jiya na ga mutum na arba'in da tara. Shekararsa arba'in da shida, yana aiki a tashar kifi ta Peterhead. A watan Nuwamba ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Likitocin zuciya sun gano ciwon nan ne da ke rikita bugun zuciya farat ɗaya, gwajin jini ya tabbatar na gado ne, kuma irin wanda shiga ruwa ke tayarwa. Da ƙwayar magani kullum mutum zai tsufa lafiya. In ba a sani ba, ke kin fi ni sanin sauran.

Sunan gidansu ya cika tsibiranmu na Shetland, don haka ban kawo komai a raina ba. Na ɗauki fensir na fara zana zuri'arsa, maza murabba'i, mata da'ira. Ya ce su uku ne maza, shi ne babba. Autansu ya rasu shekara sha tara da suka wuce. Na ce me ya same shi?

Ya ce, “Daga kwale-kwalenmu ya faɗa. Teku kwance lumui, rana tsaka. Yaron da ya fi kowa iya ruwa a tsibirin, ko hannu bai ɗago ba. Ni ke riƙe da sitiyari.”

Na ce wane tsibiri? Ya ce Unst.

Malama, hoton yaron da ya nutse yana rataye a falon yayata Rhoda. Davie sunansa. Na tsakiyar shi ne mijinta, Magnie. Na san yana da wa wanda ba a ambatonsa a gidan, amma ya bar tsibirin tun kafin Rhoda ta yi aure, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai jiya.

Na san abin da aka koya mini: in ajiye fensir nan take, in ce ina da alaƙa da gidan, in kira wani. Ban yi ba. Na ci gaba. Ya ce, “Na ji an ce ƙanen nawa yana da 'ya, ban san sunanta ba.” Da hannuna na zana da'irar ƙarƙashin Magnie. Ni na san sunanta. Osla. Kullum da safe tana cikin ruwa, saura mako shida ta shiga gasa.

Na miƙa masa takardar da muke ba mutane su aika wa 'yan'uwa don su je gwaji. Ya turo mini ita da yatsa ɗaya. Ya ce ranar jana'iza, a gaban jama'a, ƙanensa ya ce shi ya kashe Davie, tun daga nan ba su sake magana ba. Na ce ko mu mu aika ba da sunansa ba? Ya ce, “A Unst? Kafin a buɗe ambulan an san daga inda ta fito. Ban yarda ba. Ki rubuta a takardarki ban yarda ba.”

Na rubuta.

In na ɗaga waya na gaya wa Rhoda, na tona asirin mara lafiya, kuma na san babu hukumar da za ta ba irina lasisi. In na yi shiru, gobe ma ƙarfe shida za a kai ta. Yau da safe na tsaya ina kallon agogon kicin daga shida har bakwai, sannan na iya sa takalmi.

Ki gaya mini abin da zan yi.

Ɗalibarki,
Inga Halcrow


Stonehaven, 13 ga Fabrairu

Inga,

Na gode da gaisuwa. Ƙugu da sauƙi, ina kaiwa ƙofa da sanda.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin yi kuskure da ba ki tsaya ba, kin kuma yi daidai da kika gaya mini washegari. Na farkon zan rubuta shi a rahotona, na biyun ma haka. Wannan kaɗai ba zai hana ki lasisi ba. Sai dai mutumin ya fita daga kundinki, kin koma arba'in da takwas, kuma lokaci ya ishe ki cike biyu.

Daga yau ba ke ba shi. Na yi waya da Dakta Rennie, babban likitan sashenmu, shi zai karɓe shi. Ya ba shi ranar 28 ga wata. Akwai hanyar da ake bi a sanar da dangi ko da mara lafiya ya ƙi, idan rai na cikin haɗari, amma hanya ce mai matakai. Sai an sake zama da shi an ba shi dama, sai manyan likitoci sun zauna sun yarda, sai an gaya masa za a yi. Zamansu na gaba 9 ga Maris ne. Na roƙa a matso da shi, an ce za a duba. Kada ki sa rai.

Na san za ki ce kwana ashirin da huɗu ne. Na lissafa kafin ke. Amma ki tuna mutumin nan ya zauna gabanki ya faɗi abin da ya ɓoye shekara sha tara, don ya yarda ɗakin ba ya yoyo. Ranar da mutanen tsibiranku suka ji cewa abin da aka faɗa mana yana isa gida kafin mai shi, ba wanda zai sake zuwa, kuma akwai yara da yawa irin Osla da ba mu sani ba tukuna.

A matsayinki na ƙanwar mahaifiyarta, ba wanda ya hana ki ba da shawarar da za ki ba kowane yaro mai wasan gasa. Ba ki da izinin wuce nan ko da kalma ɗaya. Kada ki buɗe fayil ɗinsa, kada ki neme shi.

Ki rubuto ranar Juma'a ko babu labari.

E. Farquhar


Aberdeen, 15 ga Fabrairu

Yaya Rhoda,

Ina gaishe ki, ina gaida Magnie. Ki ce wa Osla na ji labari, na yi murna ƙwarai.

Kundi yana tafiya, saura biyu.

Ina son ki yi mini wani abu. Ki kai Osla a yi mata gwajin bugun zuciya kafin gasar nan. Yanzu haka ake ba duk yara masu motsa jiki sosai shawara. Kuma da za ta ɗan huta da shiga ruwa har a yi, da na fi samun kwanciyar hankali. Mako ɗaya ko biyu ba zai rage ta da komai ba. In kuma ba za ta huta ba, ki daina jira a mota, ki shiga ki zauna a bakin ruwan, idonki a kanta.

Kada ki tambaye ni dalili, aikin ne yake sa mutum ya riƙa ganin abubuwa. Ki dai yi mini, don Allah.

Ƙanwarki,
Inga


Unst, 23 ga Fabrairu

Likitar gidanmu,

Gaisuwa. Muna lafiya, iska ta lafa, burodi ya dawo.

Wasiƙar taki kamar ta ofishin haraji, ko labari ɗaya babu. Na karanta wa Osla wajen hutun mako biyu, ta ce, “Mama, Anti Inga ta taɓa yin gudu kuwa a rayuwarta, ban da bin bas?” Magnie ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Amma na yi miki, don ki bar ni in sha iska. Ranar Litinin na kai ta, aka manna mata wayoyi a ƙirji, takarda ta fito. Likita ya ce bai ga wani abin tashin hankali ba, wai irin wannan gwajin ba komai yake nunawa ba, amma in babu ciwon a dangi ba dalilin wuce haka. Ya tambaye ni ko akwai mai ciwon zuciya a gidanmu ko gidan ubanta, ko wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya. Na ce babu. Mama ciwon daji ne, Baba tsufa, kakanta na wajen uba huhu, Davie kuwa ruwa ne ya ci shi. Ya ce to ta je ta ciyo mana lamba. Kin ji, hankali ya kwanta?

Jiya Talata dai ta fito daga ruwa fuska fari fat, ta ce jiri take ji, ta zauna a bakin har minti biyar. Mai horar da su ya ce rashin karin kumallo ne, gaskiya kuma ba ta ci komai ba. Yanzu sai ta cinye ayaba a gabana nake tayar da mota.

Inga, lafiyarki kuwa? Sau uku kin kira a makon nan da ƙarfe bakwai da kwata na safe, ki ce “ba komai, gaisuwa ce,” ki kashe. Tun kina ƙarama in kina ɓoye abu haka kike yi. Namiji ne? Ko sun ce ba za su ba ki takardar ba? Ki faɗa mini, ni ce fa.

Yayarki,
Rhoda


Aberdeen, 1 ga Maris

Malama Farquhar,

Bayan gaisuwa da fatan ƙarin sauƙi. Gara ki ji daga bakina kafin Dakta Rennie ya kira ki.

Wasiƙar yayata da na gaya miki a waya, wadda ta ce Osla ta yi jiri a ruwa, na kai wa Dakta Rennie ita. Ya ce abin ya ƙara nauyi, zai sa shi a gaban zaman ranar 9, amma ba zai iya yanke hukunci shi kaɗai ba. Na cike mutum na arba'in da tara da na hamsin a makon nan. Kundin yana kan teburina, sa hannunki kawai yake jira.

Jiya mutumin ya zo. Ban buɗe fayil ɗinsa ba, amma ke da kanki kika rubuto mini ranar. Da ya fito daga wajen Dakta Rennie na ga bai riƙe takardar dangi ba. Na bi shi har tashar bas da ke bakin asibiti. Ana yayyafi, yana tsaye yana murɗa hularsa.

Na ce, “Ka gane ni?” Ya ce, “Mai fensir.”

Na ce, “Sunana Inga Halcrow. Yayata ce matar Magnie. Tun ranar farko ya kamata in gaya maka, ban yi ba, ka yafe ni. Ban faɗa wa kowa a gida komai ba, ba kuma zan faɗa ba.”

Ya daina murɗa hular. Ya ce, “To me ya kawo ki?”

Na ce, “Sunanta Osla. Shekararta sha huɗu. Ninkaya take yi, kullum ƙarfe shida na safe. Makon jiya ta fito daga ruwa tana jiri.”

Bas ɗinsa ta zo, ta tsaya, ta tafi, bai motsa ba. Sai ya ce, “Kin san abin da kike nema in yi? In je in tsaya gabansa in ce ba laifina ba ne, zuciyar yaron ce ta tsaya. Zai ce shekara sha tara na yi ina neman uzuri, yau likita ya ba ni. In kuma ya yarda, ya fi muni. Yanzu yana da wanda zai tsana. In na karɓe masa wannan, me zan ba shi? In ce abin yana jininsa, kuma wataƙila shi ya sa wa 'yarsa?”

Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba. Na ce abin da na sani kawai gobe ma za a kai ta.

Ya ce, “Za su kore ki a kan wannan?” Na ce wataƙila. Ya ce, “Ke ma ba ki da hankali, kamar duk mutanen can.” Ya sa hularsa ya kama hanya da ƙafa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na san abin da na yi. Na tare mara lafiya bayan an hana ni, na ɗora masa nauyi da labarin yarinyar da ba shi da ikon ji daga wurina, kuma don amfanin gidanmu na yi. Ba na roƙon ki sassauta. Abin da ya fi damuna shi ne na zubar da komai, kuma yau da safe Osla tana cikin ruwa kamar jiya.

Ɗalibarki,
Inga Halcrow


Stonehaven, 3 ga Maris

Inga,

Na samu, na gode da kika riga kowa faɗa.

Ba zan sa hannu a kundinki bana ba. Dole kuma in aika wa hukuma rahoton abin da ya faru, da wasiƙunki yadda kika rubuta su. Za su kira ki a watan Mayu. Ko su ce ki sake shekara ɗaya ƙarƙashin kulawa, ko su rufe ƙofar gaba ɗaya. Na ga an yi duka biyun. Aikinki a asibiti zai ƙare ƙarshen wannan watan, wannan ba ni da iko a kai.

Ranar da za su kira ki zan zo, ko da sanda. Zan gaya musu kin karya doka, zan kuma gaya musu shekara uku ina karanta aikinki ban taɓa kama ki da ƙarya ba, har a kan kanki.

Har yanzu ba ki da izinin gaya wa yayarki. Ki yi haƙuri da ni.

Elspeth


Unst, 6 ga Afrilu

Inga,

Gaisuwa. Na ga kiranki, ban ɗauka ba da gangan.

Kin riga kin ji Lowrie, wan Magnie, ya zo ranar Asabar biyar ga Maris, amma ba ki ji yadda aka yi ba. Na buɗe ƙofa na ga fuskar mijina a jikin wani tsoho. Ya ce, “Ke ce Rhoda? Kada yarinyar ta sake shiga ruwa.” Ko sannu babu. Magnie yana rumfar tumaki, can ya same shi. Awa biyu ban ji ihu ba, ban ji komai ba. Da suka fito Magnie ya wuce ni ya shiga ɗakin Osla ya zauna a ƙasa, yarinya tana ta tambayarsa, “Baba, me ya faru?”

Sakamako ya zo ranar Alhamis. Magnie yana da shi. Osla ma. Sun fara shan magani. Gasa ta wuce ba ita, ba ta yi wa kowa magana a gidan nan sai Lowrie, da yake kira kowace Lahadi.

Shi ne ya gaya mini ke ce kika tare shi a tashar bas, da abin da ya jawo miki. Sai na ɗauko kalanda. Daga ranar da kika sani zuwa ranar da ya zo, kwana ashirin da uku. Ni da hannuna nake tuƙa ta, Inga. Na zauna gaban likita na ce masa babu kowa, ke kuwa kina can kin sani. Na kai ta da ayaba.

An yi mini bayanin dokarku, na kuma gane. Amma har yau ba na iya kallon wurin ninkayar in na wuce. Wani lokaci ina so in mare ki, wani lokaci in tuna shekara tara taki sai in rasa inda zan sa kaina.

Tumaki za su fara haihuwa ranar ashirin. An ce Magnie ya rage wahala, ni kaɗai ba zan iya ba, ke kuma na ji ba ki da aiki. Ɗakin baya yana nan. Ki taho da takalmin roba. Kada ki sa ran zan yi miki magana a kwanakin farko.

Yayarki,
Rhoda